Satin farko ba na shara ba ne: hira kan komawar yara firamare

Zainab: Assalamu alaikum, masu saurarenmu, barkanmu da sake saduwa. Dogon hutu ya ƙare, watan Satumba ya kama, duk gidan da ka shiga zancen komawa makaranta ake yi. Ni ce taku Zainab, ina tare da Malam Sani, wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare kafin ya zama hedimasta, da kuma Anti Rakiya, ma'aikaciyar jinya. Malam, Anti, sannunku da zuwa.

Malam Sani: Yauwa, Malama Zainab, sannu da aiki.

Anti Rakiya: Sannunmu dai. Allah ya sa mu amfana.

Zainab: Amin. Malam, bari in fara da abin da ke hana iyaye barci. A Kantin Kwari wajen masu yadin yunifom ba masaka tsinke, haka Sabon Gari wajen masu littattafai, a Ƙofar Wambai kuma ana ta ɗaga jakunkuna da takalman gwanjo. Ga kuɗin A Daidaita Sahu da ya hau tun da aka cire tallafin mai a 2023. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ko biyar, ta ina zai fara?

Malam Sani: Ya fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ya tabbatar yaron ya je makaranta ranar da aka koma. Ranar farko, ba sati na biyu ba.

Zainab: To ai kuwa nan za ka sha musu. Kowa cewa yake yi satin farko shara ake yi da cire ciyawa.

Malam Sani: Wannan maganar ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. E, ana shara, makarantar da ta yi damina a rufe dole a gyara ta. Amma a satin nan ne ake raba azuzuwa, a rubuta sunaye a rajista, kowa ya kama wurin zamansa. A makarantar da benci bai isa ba, wanda ya zo daga baya ƙasa zai zauna, can ƙurya, inda ko allo ba ya hangowa sosai. Kuma a satin ne malamin kirki yake gwada yaran ya ga me hutu ya goge musu, don ya san daga inda zai ɗora. Zangon farko bai fi sati 13 ba ko kusa da haka. Cire satin jarrabawa, cire na bita, cire hutun tsakiyar zango. Idan yaro ya ƙara zubar da sati biyu a farko, me ya rage masa?

Zainab: Na ji, Malam, amma a faɗi gaskiya. Akwai makarantun da malaman ma ba sa zuwa a satin farkon. Uwa ta tashi da asuba ta shirya yaro, ta biya kuɗin mota, ya dawo ya ce ba wanda ya shigo ajinsu. Gobe ai ba za ta tura shi ba.

Malam Sani: Ba zan kare wannan ba, yana faruwa, kuma laifi ne. Malami yana cewa yara ba su zo ba, iyaye suna cewa malamai ba su zo ba, kowa yana jiran kowa, yaro ne yake asara. Amma abin da na sani shi ne, makarantar da iyaye suke leƙawa, malamanta ba sa wasa da zuwa. Kuma akwai hanyar kai ƙorafi. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma da ake kira SBMC, a ciki akwai mai unguwa ko wakilinsa, da malaman addini, da wakilan mata, da tsofaffin ɗalibai. A fara da hedimasta. In bai gyara ba a gaya wa kwamitin. In abin ya faskara, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, sama da shi kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB.

Anti Rakiya: Malam, in tela bai gama ɗinki ba fa? Don na san gidaje da yawa yunifom ne kawai yake zaunar da yaro.

Malam Sani: Ya zo da tsohon, ko ya ɗage masa. In babu, ya sa kayan gida masu tsabta, uban ko uwar su rako shi su yi wa hedimasta bayani. Da wuya ka samu hedimastan da zai kori yaron da mahaifinsa ya tako da ƙafarsa ya ce a yi masa haƙuri zuwa ƙarshen wata. Wanda ake kora shi ne wanda ba a san kowa nasa ba.

Zainab: Sai maganar kuɗi a makarantun gwamnati. Ana cewa kyauta ne, amma yara suna dawowa da saƙon a kawo kaza.

Malam Sani: Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Karɓar kuɗin makaranta a wannan mataki laifi ne a dokar, haka ma uban da ya ƙi sa ɗansa. Abin da ake karɓa yawanci gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai ce, wato PTA, ta alli ko tsintsiya ko gyaran rufi, kuma ya kamata a ce a taron iyaye aka amince da ita. Don haka in an aiko, ka tambaya: a wane zama aka yanke, kuma ina rasit? Sannan ka riƙa zuwa taron. Mutum bai je taro ba, ba shi da bakin cewa an yanke ba da shi ba.

Zainab: Masu makarantun kuɗi fa?

Malam Sani: Daidai ruwa daidai tsaki. Kada a kai yaro inda za a riƙa koro shi gida kowane wata saboda bashi, wannan yana karya masa zuciya a gaban 'yan ajinsu. Wanda abin ya yi wa nauyi ya je tun yanzu ya nemi a raba masa biya kashi biyu ko uku, a rubuta. Kuma kafin a sayi littattafai a duba na yayyensa, a tambayi malamin aji wanne ne lallai za a yi amfani da shi a wannan zangon.

Zainab: Anti Rakiya, na ga kina ta rubutu. Me ke bakinki?

Anti Rakiya: Cikin yaro, Zainab. Muna kashe kuɗi a kan jaka mai hoto, amma yaro ya fita bai karya ba. A miƙa masa kuɗin tara a ce ya saya a can, shi kuma alawa zai saya da ruwan leda mai kala. Yaron da yunwa ke cinsa ba ya jin abin da malami yake faɗa. Ba sai shayi da ƙwai ba. Ɗumamen tuwo, koko da ƙosai, ɗan wake, duk suna riƙe ciki har a tashi. A haɗa masa da gorar ruwa daga gida, don makarantu da yawa ba su da ruwan sha mai kyau.

Zainab: Ga kuma zazzaɓi da ake fama da shi yanzu.

Anti Rakiya: Wannan ne lokacinsa, ƙarshen damina sauro ya yi yawa. Duk yaro ya kwana cikin gidan sauro. In jikinsa ya yi zafi, don Allah kada a ba shi farasitamol a tura shi makaranta, kada kuma a je kemis a haɗo magani da ka. A kai shi a yi gwajin jini, 'yan mintoci ne, in maleriya ce a ba shi maganin ya shanye duka, ko da ya ji sauƙi a rana ta biyu. Sannan akwai abin da nake roƙon iyaye: in yaronku yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ku gaya wa malamin ajinsa. Ɓoyewar ba ta da amfani. Malamin da ya san yaro mai sikila ne ba zai sa shi aiki a rana ba, ba zai hana shi shan ruwa ko fita fitsari ba.

Malam Sani: Wallahi kuwa. Ki ƙara da ido da kunne, Anti.

Anti Rakiya: Sosai. Yaro yana ƙanƙance ido in zai kalli allo, ko yana kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi, ko sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo, sai a ce daƙiƙi ne ko mai taurin kai, a yi ta dukansa. Sau da yawa tabarau kawai yake buƙata, ko kunne ne yake ruwa. A kai shi a duba. Sai barci. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana. Yaranmu suna boko da safe, Islamiyya da yamma, wasu har da makarantar dare. In an ƙara musu da waya da kallo bayan isha'i, a aji za su rama barcin.

Zainab: Malam, akwai tambayar da iyaye mata suke yawan yi mana. Uwa ba ta yi boko ba. Ta yaya za ta san ɗanta yana koyon wani abu?

Malam Sani: Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi a wurina. Don akwai yaran da suke kai wa aji biyar, aji shida, ba su iya karanta layi ɗaya ba, kuma kullum suna zuwa, kullum yunifom a goge. Iyayen ba sa ganewa sai an zo jarrabawar shiga sakandare. To uwar da ba ta yi boko ba tana da ido, tana da kunne. Ta ce ya buɗe littafin rubutunsa. Shafukan suna ƙaruwa ko suna nan inda suke? Akwai jan biro a ciki? Jan biro shi ne shaidar malami ya duba aikin. In sati ya wuce babu shi, akwai magana. Sannan ta samo kowace takarda da aka rubuta da Hausa, wadda ba ta makaranta ba, ta ce ya karanta mata. Hausa ce, in ya karanta daidai za ta ji magana mai ma'ana. In ya tsaya yana in-ina ko yana ƙirƙira, ita ma za ta gane.

Zainab: Me ya sa ka ce wadda ba ta makaranta ba?

Malam Sani: Saboda yaranmu gwanayen hadda ne. Zai rera miki shafi guda daga littafin aji, ki ɗauka karatu yake yi, alhali da kunne ya riƙe. Ki nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ki ce mene ne wannan, sai ya yi shiru. Yaron da ya gama aji biyu ya kamata ya iya haɗa baƙi da wasali ya karanta gajeriyar jimlar Hausa. In ya shiga aji uku bai iya ba, kada a jira sakamakon ƙarshen zango, kada kuma a ɗauki bulala. A je wurin malamin aji a zauna. Minti 15 kullum bayan magariba, yayansa ko wani ɗan maƙwabta ya zauna da shi a kan ba, bi, bu, cikin zango ɗaya za a ga bambanci.

Anti Rakiya: Kuma 'yan uwanmu na karkara, kaka tana tafe. Mun san ana buƙatar hannu a gona, ana buƙatar ribar talla. Amma a bar wa yaro safiyarsa, aikin ya jira a taso.

Zainab: Saura sababbin shiga, 'yan aji ɗaya. Me za a tanada?

Malam Sani: Shekara shida ce ta shiga aji ɗaya, kada a yi gaggawar tura ɗan shekara huɗu don a huta da ƙiriniyarsa, akwai ajin share fage dominsa. A zo da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuma a tsaya a ga yadda aka rubuta sunan a rajista, don kuskuren harafi ɗaya yana iya bin yaro har takardar sakandare. A koya masa cikakken sunansa, da na mahaifinsa, da unguwarsu. A gaya wa malami wanda zai riƙa ɗaukarsa in an tashi, a kuma karɓi lambar wayar malamin.

Anti Rakiya: A rubuta lambar wayar gida a cikin jakarsa ma, ta ciki, ba ta waje ba.

Zainab: To madalla. Malam Sani, Anti Rakiya, mun gode, Allah ya saka da alheri. A shiri na gaba za mu tattauna yadda za a raba wa yaro lokaci tsakanin boko da Islamiyya, tare da wata malamar Islamiyya da za ta zo mana. Sai mun ji saƙonninku. Assalamu alaikum.