Iskandariyya: Garin da Jiragen Ruwa Suka Cika wa Ɗakin Karatu

Zainab: Masu sauraro, barkanku da warhaka. Yau za mu leƙa Iskandariyya, wadda Iskandar sarkin Makidoniya ta arewacin Girka ya aza harsashinta a gaɓar Bahar Rum a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa. Malam Habibu, me ya sa bai wadatu da tsofaffin biranen Masar irin su Memfis ba?

Malam Habibu: Malama Zainab, teku yake so. A gaban gaɓar akwai tsibirin Faros, sai aka yi cikon ƙasa mai tsawon fiye da kilomita ɗaya ya haɗa shi da gari, abin da ya samar da tashoshin jirage biyu. A bayan garin kuma akwai tafkin Mareyotis, wanda aka haƙa wa magudanar ruwa zuwa Kogin Nilu, don haka alkamar manoman Masar da takardarsu ta fafirus, wadda ake yi da wani tsiron bakin ruwa, suna gangarowa kai tsaye zuwa bakin teku. Da ribar wannan fatauci ne zuriyar Batlamus, kwamandan da ya gaji Masar bayan mutuwar Iskandar, suka riƙe malamai.

Aminu: Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suka tara littattafai a babban ɗakin karatun garin. Jalinus, likitan Girka na zamanin da, ya ruwaito cewa duk jirgin da ya tsaya a tasha, ana bincika shi, a ɗauke littattafan da ke ciki a kwafe su, sannan a riƙe na asali a miƙa wa mai su kwafi.

Malam Habibu: Ƙwace ne da sunan ilimi, Malam Aminu, amma ya haifi ɗa mai ido. Uƙlidis a garin ya koyar da lissafi, a can kuma Yahudawan garin suka fassara Attaura zuwa Girkanci. Sai Eratostenis, shugaban ɗakin karatun, wanda ya ji cewa a Aswan, a ranar da ta fi kowace tsawo a shekara, sandar da aka kafa ba ta yin inuwa da tsakar rana, alhali a Iskandariyya tana yi. Ya auna karkatar inuwar, ya ga kashi 1 ce cikin 50 na da'ira, ya ninka nisan garuruwan biyu sau 50, ya fitar da kewayen duniya ba tare da ya yi nisa da gaskiya ba.

Zainab: To ina Misirawan da suka noma alkamar?

Malam Habibu: Suna nan, na cikin garin galibi a unguwar Rakotis, amma sarauta da kotu da makaranta galibi da harshen Girkanci ake yin su. Romawa ma daga baya suna kiran garin Iskandariyyar da ke kusa da Masar, kamar ba a cikinta take ba. Zuriyar Batlamus sun yi kusan shekara 300 suna mulki, kuma marubucin tarihi Fulutak ya ce sarauniya Kiliyofatra, wadda ta mutu a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa, ta iya harsuna da yawa, alhali magabatanta ko harshen talakawansu ba su damu su koya ba.

Aminu: Ga shi kuwa da ita aka rufe gidan sarautar.