A bar yaro mai nakasa ya yi magana da bakinshi: lacca ga iyaye da malaman lakkol a Tahoua

Assalamu alaikum iyaye, malamai, da ku samari da 'yan mata da kunka zo, wasu bisa keken guragu wasu da sanda, sannunku da ƙoƙari.

Zan fara da abin da kowa nan ya taɓa gani. Uwa ta kai ɗanta makaho likita, saurayi ne har ya fara gemu, sai likita ya juya ga uwar ya ce mi ke damunshi? Ita ko ta shiga bayani, shi yana zaune ya sunkuyar da kai, alhali cikin nashi ne ke ciwo. Tausai ne ya sa ta, na sani, amma yaron da anka saba amsa mishi tambaya tun yana ƙarami, ranar da ya kai dosiye biro anka ce babu wuri, godiya zai yi ya juya gida.

Kuma doka tana bayanshi fa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu tun 2008, kuma dokarmu ta ce ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki ga nakasassu. To wa zai tsaya gaban darakta ya faɗi wannan, in ba wanda anka koya ma magana ba? Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Shugabanci ba baƙo ba ne gare su, muna da sarkin makafi muna da sarkin guragu tun kaka da kakanni, suna sasanta rigima suna tara jama'arsu, sai dai galibi zancen ya tsaya ga sadaka da rabon ta. Ni abin da ke damuna ke nan wallahi. Louis Braille a Faransa shekarunshi 15 lokacin da ya haɗa rubutun makafi a 1824, ɗan makaranta ne kamar waɗanga da ke gabanmu, kuma da rubutun nan ne yaranmu ke karatu a makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ke Yamai.

Malamai, horon shugabanci a aji yake farawa. In za a zaɓi shugaban aji ku bar kurma ta tsaya takara, a samu mai maganar hannu ya fassara mata. In matakala ta hana gurgu shiga aji, kada ku rubuta mishi takardar koke, ku zauna tare ya rubuta da kanshi ya kai ma magajin gari, ko da an ƙi ya koyi hanyar. Iyaye ku aike su kasuwa su yi ciniki, ku bari a cuce su dala goma yau, gobe ba za a sake ba.

Yanzu lokacin tambayoyi, kuma yara za mu fara ba makirfo, manya ku yi haƙuri ku jira.