Titin da bai kai ko'ina ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Yau na fito da ku yammacin Baltimore, a jihar Maryland ta Amurka. Bari in juya kyamara ku gani da idonku. A kan gada nake tsaye, abin da ke ƙasana kuwa ƙaton rami ne, bangon siminti hagu da dama, an shimfiɗa titi mai layi shida a cikinsa. Kun ga tsakiya, inda ciyawa ta fito? Wurin layin dogo aka bari, har yau ba a ɗora ko ƙarfe ɗaya ba.

Watan da na fara aikin kai kaya a garin nan na taɓa faɗawa titin nan, a zatona zai fitar da ni bayan gari. Na taka mota, ban gama gyara zama ba sai ga danja a gabana. Titi ya ƙare. Duk tsawonsa bai wuce mil 1.4 ba, kilomita biyu da 'yan kai. A allo an rubuta US 40, amma mutanen gari "titin da bai kai ko'ina ba" suke ce masa. Tun ranar abin ya tsaya mini a rai.

Maganar ta daɗe. Tun 1944 Robert Moses, wanda ya yi suna wajen keta unguwannin New York da manyan tituna, ya ba hukumomin Baltimore shawarar a ratsa nan da babbar hanya. A 1956, zamanin Shugaba Eisenhower, aka yi dokar da ta ce gwamnatin tarayya za ta biya kashi 90 cikin 100 na kuɗin irin waɗannan hanyoyi. To wace jiha za ta ga wannan garaɓasa ta kau da kai? Sai aka zauna aka zana: babbar hanya mai lamba I-70 da ke tahowa daga yamma za ta keta gandun shaƙatawa na Leakin ta haɗu da wata babbar hanyar, I-95, wannan ramin kuma shi ne reshenta, I-170, mai shiga tsakiyar gari. Ta gabas, wata hanyar, I-83, za ta bi bakin ruwa ta kan unguwar Fells Point.

Yawancin zanen nan a takarda ya mutu. I-70 ta taso tun daga Cove Fort a jihar Utah, tafiyar sama da mil 2,000, ta zo bakin Baltimore ta ƙare a filin ajiye motoci. Na je na gani. I-83 ita ma a tsakiyar gari ta tsaya.

Mutane ne suka tsayar da su. A Fells Point da maƙwabtanta, inda jikokin 'yan Poland da sauran Turawa ma'aikata suke, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Barbara Mikulski ta shiga gaba. A 1969 aka sa unguwar cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, rushe ta ya zama jan aiki. Daga wannan gwagwarmaya Mikulski ta shiga majalisar birni a 1971, daga baya ta yi shekara 30 a majalisar dattawan Amurka. Masu kare gandun Leakin su ma suka yi ta shari'a har maganar ta bi ruwa. I-95 kuwa, maimakon gada, ta ƙarƙashin ruwa aka bi da ita kusa da tsohon sansanin soja na Fort McHenry, aka buɗe a 1985. Yau in ka je Fells Point za ka tarar da tsofaffin gidajenta a tsaye, kasuwa na ci, baƙi na yawo.

Yanzu ku dawo nan inda nake. Baƙaƙen fatar yankin nan su ma sun tashi, sun cika zaurukan taro, sun haɗa kai da Turawan gabashin gari a ƙungiya ɗaya tun 1968. Amma tun kafin a saurare su katafila ta riga ta shigo. Gidaje 971 aka rushe, da wuraren sana'a 62, mutum wajen 1,500 suka tashi. Aka buɗe guntun titin a 1979, ba tare da an gina hanyar da zai haɗu da ita ba. Wallahi wannan ne ke ci mini rai. Da a ce hanyar ta kai wani wuri, ko banza mutum ya ce an raba shi da gidansa don amfanin jama'a. Duk wanda rusau ya taɓa shafar danginsa a gida ya san diyya ba ta sayo maƙwabci.

Ku biyo ni gefen titi. Kun ga gidajen nan jere, bango ɗaya ya haɗa su? Dubi matakalar ƙofar nan, farin dutse ne, irin wanda matan Baltimore suka shahara da wankewa har ya riƙa ƙyalli. Ƙofar yanzu katako aka buga mata, bishiya ta fito ta tagar sama. Gida na uku kuwa akwai mutane, ga tukunyar fure, ga keken yaro. A da in mai gidan nan zai gaida na tsallake taku kaɗan ne, yau sai ya nemi gada.

An yi shirin jirgin ƙasa na cikin gari, Red Line, da zai bi ta tsakiyar ramin nan. Gwamna Larry Hogan ya soke shi a 2015, Gwamna Wes Moore ya farfaɗo da maganar a 2023. A farkon 2025 kuma aka sanar da tallafin tarayya na sama da dala miliyan 85 don fara ɗinke unguwannin da titin ya raba. Ina fatan Allah ya sa tsofaffin da aka tasa suna yara su ga aikin da ransu.

Can gaba inda nake nunawa tashar jirgi ce ta yammacin Baltimore, nan ne ƙarshen titin. Bari in taka zuwa can kafin la'asar ta yi, in nuna muku daidai inda kwalta ta yanke.