Marubuciya a Saudiyya: yadda littafinki zai isa hannun makaranta

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, kin kammala littafi kina Jidda ko Makka, makarantanki wasu suna nan, wasu suna Kano da Damagaram. Ta ina za ki fara?

Saura mako 6 littafi ya fito, ki zaɓi mutum 10 masu sharhin littattafai. Kada yawan mabiya ya ruɗe ki. Duba ko suna karanta irin naki, kuma ko ana tanka musu idan sun yi magana. Ki tura wa kowa saƙonsa daban, da bangon littafi, da taƙaitaccen bayani layi 3, da ranar fitowa.

Sai ki kula sosai a nan, don nan ake yin kuka. Kada ki tura cikakken PDF. Da zarar ya faɗa rukunin WhatsApp guda, kafin asuba ya zaga gari, ciniki ya mutu. Ba su babi 3 na farko. Wanda dole ya karanta duka, ki buga sunansa a kowane shafi na kwafinsa, ta yadda in ya fita za a san ƙofar da ya bi.

Rukunonin karatu kuwa, ki nemi izinin shugabar rukuni tukuna. Talla ba sallama, gogewa ake yi. Ki roƙi dare guda na tambaya da amsa.

Wani abu da marubuta kan manta: yawancin Hausawan da aka haifa a nan Larabci suka yi a makaranta, suna jin Hausa amma karanta Hausa da rubutun boko na ba su wuya. Ki karanta musu shafi guda da muryarki, minti 2, wurin da labari ya ɗau zafi, ki tsaya kafin a warware.

Lokacin daren tambaya da amsa ma da lissafi. Saudiyya na gaban Najeriya da Nijar da awa 2, saboda haka ƙarfe 11 na dare a Makka, 9 ne a Kano, an idar da isha'i a duka biyun.

In za ki biya mai talla da ke zaune a Saudiyya, ki tambaye shi lasisin Mawthooq, wato izinin yin talla a kafafen sada zumunta, wanda hukuma ta wajabta tun 2022. Sharhi kuma ba a sayensa. Makaranta na gane yabon kuɗi tun daga layin farko.