Ba guba ce ta kashe su ba, shaƙewa suka yi

[Hoto: matattun kifaye jibge a bakin teku]

Wannan gaɓar teku ce a jihar Texas ta Amurka, watan Yunin 2023. Kifaye dubbai kwance a kan yashi. Da bidiyon kifayen ya bazu, mutane suka yi ta cewa guba aka zuba. Hukumomin jihar suka bincika, suka ce iskar oksijin ce ta yi ƙaranci a ruwan. To ta yaya iska ke ƙarewa a cikin teku? Mu matsa gabas kaɗan, gaɓar Luwiziyana, inda abin ke faruwa duk shekara.

[Taswira: Kogin Misisipi]

Kogin Misisipi yana kwaso ruwa daga jihohi 31, ya bi ta gonakin masara, ya wanko takin zamani, ya juye a Mashigin Meziko. Kowa ya san wannan. A nan ne ake ɓata lissafi, don haka ku ba ni hankalinku.

Takin ba ya kashe kifi. Aikin da yake yi a gona shi yake yi a teku: ciyar da tsiro. Ƙananan tsirrai irin na gansakuka, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, sai su yi yawa har ruwan ya koma kore. Kwanaki kaɗan su mutu, su nutse, su taru a kan laka. Can ƙasa bakteriya ke jira. Su ke ruɓar da gawar, kuma suna ruɓarwa suna zuƙe oksijin.

Me ya hana sabuwar iska sauka? Ruwan kogi ba shi da gishiri, ga ɗumi, don haka ya fi sauƙi. Sai ya kwanta a kan ruwan gishiri mai sanyi kamar man gyaɗa a kan ruwa, ba sa gaurayuwa. Sama na samun iska, ƙasa a rufe. Idan oksijin ya gaza miligiram 2 a lita ɗaya, an shiga haɗari.

[Hoto: ƙasan teku, kyamara kusa da laka]

Ku dubi nan da kyau. Kifi da jatan lande suna iya gudu. Tsutsotsin laka da masu ɓawo ba su da inda za su. Ga tsutsa ta fito daga raminta ta miƙe a fili, neman iska take. Ni dai wannan hoton ya fi tayar min da hankali fiye da na kifayen, domin tsutsotsin ne ke huda laka suna juya ta, iska na ratsawa. Da sun mutu, laka ta yi baƙi ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta kuma saki sinadarin fosfaros da ta riƙe, ɗaya daga cikin sinadaran takin zamani. Fosfaros ɗin ya sake ciyar da gansakuka.

[Taswira: jan yanki a gaɓar Luwiziyana]

Tun 1985 masana ke auna wannan yanki mai ƙarancin oksijin. A 2017 ya kai murabba'in kilomita kusan 22,700, ya ɗara faɗin Jihar Kano. Guguwa ko sanyin ƙarshen shekara kan gauraya ruwan, iska ta dawo, amma halittun laka sukan daɗe ba su farfaɗo ba. Burin hukumomin Amurka shi ne a rage shi zuwa ƙasa da murabba'in kilomita 5,000 nan da 2035. Matsakaicin shekarun baya-bayan nan ya ninka haka sau biyu.