Ƙwaƙwalwa Ma Tana Ciwo: Taɓin Hankali, Maganinsa da Alaƙarsa da Lafiyar Jiki

Masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da taɓin hankali mai tsanani sukan riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20. Da jin haka, abin da zai fara zuwa wa mutum a rai shi ne kashe kai. Lallai akwai wannan, domin sama da mutum 700,000 ke halaka kansu duk shekara a duniya. Amma yawancin shekarun nan da ake asara, ciwon zuciya ne ke cinye su, da ciwon siga, da cututtukan huhu, wato cututtukan da ake iya karewa ko a yi maganinsu. Shi ya sa a wannan bidiyo za mu haɗa maganar ƙwaƙwalwa da ta jiki wuri guda.

Kowa yakan yi baƙin ciki, kowa yakan ji tsoro, kuma wannan lafiya ce. Abin yana zama ciwo idan tunanin mutum, ko yanayin zuciyarsa, ko halayyarsa suka rikice, abin ya daɗe, har ya hana shi aiki ko karatu ko zama da iyalinsa. A ƙididdigar 2019, mutum miliyan 970 ne ke cikin wannan hali, wato ɗaya cikin kowane takwas. Akasarinsu ba za ka gane su a fuska ba, suna zuwa aiki, ana gaisawa da su kullum.

Wanda ya fi yawa shi ne ciwon fargaba, mutum miliyan 301 a ƙididdigar 2019. Mai shi kullum cikin zullumi yake, ko da babu abin tsoro a gabansa. Wani lokaci abin yakan taso masa farat ɗaya: zuciya na dukan uku-uku, gumi na karyowa, numfashi na sarƙewa, har ya tabbatar mutuwa ce ta zo. Sai ciwon damuwa, mutum miliyan 280 a shekarar. Likitoci sukan duba ko mutum ya kai mako biyu kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake jin daɗinsa a da ya fita ransa, barci da cin abinci sun rikice, gajiya ba ta sakinsa, yana ganin kansa ba shi da amfani. Akwai kuma baifola, mai kai mutum ƙarshe biyu: wani lokaci ya yi sama, ba barci, ga surutu da ɓarnar kuɗi, wani lokaci ya faɗa cikin ƙunci mai zurfi. Sikizofireniya kuwa tana kama kusan mutum ɗaya cikin 300, takan sa a ji muryoyin da babu su, ko a yi imani da abin da bai faru ba.

Sanadi ba ɗaya ba ne. Gado yana da hannu, haka ma wahalar ƙuruciya, cin zarafi, yaƙi, talauci, rashin wanda ake ƙauna, da shaye-shaye, musamman tabar wiwi idan aka fara ta da ƙuruciya kuma aka yawaita. Abin da ba ya cikin jerin shi ne ragwanci. Don haka cewa mai ciwon damuwa "cire abin a ranka mana" daidai yake da cewa mai karaya ya tashi ya yi gudu.

To, ina haɗin da jiki? Idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa takan ba da umarni a saki sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, siga ya ƙaru, domin jiki ya samu ƙarfin gudu ko kare kansa. Wannan shiri na ɗan lokaci ne. Idan ya zarce wata da watanni, jijiyoyin jini suna galabaita, barci ya lalace, garkuwar jiki ta yi rauni. Ƙari a kan haka, wanda tashi daga gado ma ya gagare shi ba zai motsa jiki ba, zai manta da maganin hawan jininsa, kuma sau da yawa yakan nemi sauƙi a sigari ko giya.

Haka kuma ciwon jiki yana jawo na ƙwaƙwalwa. Masu ciwon siga sun kusan ninka sauran mutane wajen kamuwa da ciwon damuwa. Cikin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki, kusan ɗaya cikin uku yakan faɗa ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna samun matsalar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa, kuma sau da yawa ana ɗaukar abin a matsayin gajiyar raino kawai.

Wani lokaci ma ciwon jikin ne kansa yake zuwa da kamannin taɓin hankali. Tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, idan aikinta ya yi ƙasa sai kasala da ƙunci, idan ya yi yawa sai fargaba da rawar hannu. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo mantuwa da rikicewa. Dattijon da ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, ya daina gane mutane, mai yiwuwa ciwon mafitsara ne ko na huhu, kuma asibiti yake buƙata nan take. Gwajin jini na iya warware abin da aka daɗe ana wahala a kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da zarar an san mutum da taɓin hankali, sai a daina jin kukansa. Ya ce ƙirjinsa na ciwo, a ce ai ciwon nasa ne ya motsa. Ta nan ciwon zuciya da ciwon daji ke ɓuya har lokaci ya ƙure.

Magani akwai, kuma yana aiki. Akwai jinya ta hanyar tattaunawa da ƙwararre. Wadda ta fi shahara, likita Aaron Beck na Amurka ne ya gina ta a shekarun 1960: ana koya wa mutum ya gano tunanin da ke jefa shi cikin ƙunci, ya auna shi da zahiri, ya sauya abin da yake yi. Ga damuwa da fargaba marasa tsanani, wannan kaɗai takan wadatar, musamman idan aka haɗa da motsa jiki da gyara barci.

Sai magunguna. A 1949 likita John Cade na Ostareliya ya nuna amfanin litiyam, wanda har gobe ake ba masu baifola. A 1952 aka fara amfani da kulofuromazin a birnin Paris na Faransa, kuma daga nan jinyar masu sikizofireniya ta sauya. Magungunan damuwa ba sa aiki a rana ɗaya, sukan ɗauki makonni kafin a ga canji, kuma bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida. Dainawa kwatsam ba da sanin likita ba yana iya dawo da ciwon.

Gaskiya ce kuma dole a faɗa: magungunan suna da nasu illar a jiki. Wasu na sikizofireniya, kamar olanzafin, suna sa ƙiba, su ɗaga siga da kitsen jini. Litiyam yana buƙatar a riƙa duba ƙoda da tayirod. Saboda haka duk mai shan su yana da haƙƙin a riƙa auna nauyinsa, da hawan jininsa, da sigansa, a kuma taimaka masa ya bar sigari. Idan ba a yi ba, shi ko danginsa su tambaya.

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, sama da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon damuwa ba sa samun kowace irin jinya. Don rage wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, wanda ke horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci su gane waɗannan cututtuka su yi maganinsu. Ke nan ba sai an jira likitan ƙwaƙwalwa ba, ana iya farawa daga asibiti mafi kusa.

Idan kuwa wani naka ya fara cewa ya gaji da rayuwa, tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Bincike ya nuna tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da guba da magunguna da makami daga kusa da shi, a kai shi asibiti a ranar.