96 da 88: Da Wane NumPy Aka Gina Laburarenku?

[Allo: jan rubutun kuskure, lambobi biyu a kewaye]

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi jan rubutun nan da kyau. Tun ranar 16 ga Yuni, 2024 da aka fitar da sigar 2.0 ta NumPy, laburaren lissafi na yaren Python, saƙon nan ya hana masu bincike da yawa barci. Mutum ya buɗe aikinsa na jiya, ko layi ɗaya bai taɓa ba, sai Python ya ce masa girman dtype, wato bayanin nau'in lambobi na NumPy, ya canza, ana sa ran bayit 96 amma 88 aka tarar. Shawarar da ta fi yawo ita ce a koma NumPy 1.26. Ga ɗalibin da zai miƙa aiki gobe da safe, shawara ce mai kyau, ya bi ta. Amma bidiyon yau naku ne, ku masu riƙe da laburaren da ake turo wa ƙorafin, domin gyaran yana cikin wani ɗan fayil da yawancinmu muke rubutawa sau ɗaya mu manta da shi.

Bari mu wuce shimfiɗar da sauri. Laburaren kimiyya irin su SciPy ba Python zalla ba ne. A cikinsu akwai C, akwai C++, akwai Cython mai mayar da rubutu irin na Python zuwa C, wasu har da Fortran, kuma dole kwamfayila ta mayar da su harshen na'ura kafin su yi aiki. Shekaru da yawa distutils da setup.py ne ke jan ragamar wannan ginin. SciPy ya koma Meson, wata manhajar gini daban, a sigar 1.9 cikin Yulin 2022, NumPy ya biyo baya a 1.26 cikin Satumbar 2023, a watan da ya biyo baya Python 3.12 ya fito babu distutils kwata-kwata. Saboda haka yau umarnin gini yana wuri biyu: meson.build mai faɗin yadda za a harhaɗa, da pyproject.toml mai faɗin da waɗanne kaya za a harhaɗa. Na biyun ne abin maganarmu.

[Allo: pyproject.toml, sashe biyu a haskake]

Kun ga sunan numpy ya fito sau biyu a fayil ɗin nan. Na ƙasa, cikin dependencies, shi ne wanda za a saka wa mai amfani lokacin da zai yi aiki da laburaren. Na sama, cikin requires a ƙarƙashin build-system, shi ne wanda za a yi ginin da shi. A nan ƙafar mutane ke zamewa, don haka a nan za mu zauna.

Idan kuka ce wa pip, manhajar saka laburaren Python, ya gina laburare daga asalin rubutunsa, ba ya waiwayar NumPy ɗin da ke kwamfutarku. Tun pip 10 na shekarar 2018 haka abin yake. Sai ya buɗe wani ɗaki na wucin gadi, ya karanta layin requires, ya sauko da abin da layin ya ce daga intanet, ya zuba a ɗakin, ya yi ginin a can, ya ɗauki wheel, wato ginannen kunshin da ya fito, sannan ya rushe ɗakin. Ko kun saka NumPy 2 sau goma a muhallinku, idan layin saman nan ya ce a kawo tsoho, da tsoho za a gina. Ku ƙara -v a umarnin pip, ga shi nan a allo, za ku ga layin da ke faɗin ainihin sigar da aka zuba a ɗakin. Da yawa daga cikin masu kula da laburare ba su taɓa karanta wannan layin ba, alhali shi ne amsar rabin ƙorafin da ke zuwa musu.

To me ginin yake ɗauka daga NumPy har abin ya yi tsanani haka? Awo yake ɗauka. NumPy yana zuwa da fayilolin heda na C, waɗanda ke bayyana fasalin kowane abu a cikin memori: wannan filin yana bayit na kaza, wancan yana bayit na kaza, jimillar girman kaza. Kwamfayila tana karanta waɗannan lambobin ta dasa su daram a cikin fayil ɗin da ta fitar. Kamar tela ne da ya ɗauki awo ranar Litinin ya yanka yadi. In mai rigar ya sake jiki kafin Juma'a, almakashi ya riga ya wuce.

A NumPy 2.0 an sake fasalin abin da ake kira PyArray_Descr, wato bayanin da ke faɗin irin lambobin da ke cikin array, jerin lambobi na NumPy; shi ne dtype ɗin da ke cikin jan rubutun. An faɗaɗa filin elsize mai riƙe da girman kowane ƙwaya, an matsar da shi, an kuma ɓoye wasu filaye daga idon jama'a. A kwamfuta mai bit 64 girmansa ya sauka daga bayit 96 zuwa 88. Cython kuwa yana da wata ɗabi'a da nake yaba masa ƙwarai: lokacin import yana gwada awon da aka ɗinka da shi da girman da ya tarar a zahiri. In na zahirin ya gaza, sai ya tsaya cak ya yi ƙara. Wannan jan rubutun alheri ne. Ba don shi ba, manhajar za ta je inda ta san elsize yake ta ɗebo wani abu daban, kuma a lissafin kimiyya faɗuwar manhaja ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan amsar ƙarya da ta fito tsaf kamar gaskiya.

[Allo: saƙonni biyu gefe da gefe]

Yanzu ku tsayar da bidiyon ku karanta waɗannan biyun. Lambobinsu iri ɗaya ne, 96 da 88. Amma na hagu ya ce dtype, na dama ya ce ndarray, wato array ɗin kansa, kuma ciwonsu kishiyar juna ne. Na dama tsohon ciwo ne: an gina da sabon NumPy, 1.22 ko sama, aka kai shi kan 1.20 ko 1.21 inda ndarray bai kai wannan girman ba. Ɗan'uwansa mai 88 da 80 ya addabi mutane tun fitowar 1.20 a Janairun 2021. Maganin na dama a wajen mai amfani shi ne ya ɗaga NumPy. Maganin na hagu shi ne ya saukar da shi, ko a sake gina laburaren. Wanda ya kwafi lambobin kawai ya je nema a intanet, zai iya dawowa da maganin ciwon da ba nasa ba.

Wancan tsohon ciwon ne ya haifar da tsohuwar ƙa'ida: a gina da mafi tsufan NumPy da kuke goyon baya, domin abin da aka gina da tsoho yana aiki a kan sabo. Har kunshi aka yi don wannan, oldest-supported-numpy, kuma ya yi wa jama'a hidima shekara da shekaru. Yau ƙa'idar ta kife. Abin da aka gina da jerin 1 ba ya tashi a kan 2, amma abin da aka gina da 2 yana tashi a kan duka biyun. Duk laburaren da har yanzu sunan wancan kunshin ke cikin requires ɗinsa, kullum aka gina shi rigar da ba ta shiga ake ɗinkawa.

Ta yaya sabo yake aiki a kan tsoho? Hanya biyu. Ta farko, tun NumPy 1.25 hedojin ba sa bayyana sababbin ayyuka sai an roƙa, a 2.0, in ba ku ce komai ba, abin da ya fito yana tafiya har kan 1.19. In kuna son tsayar da iyakar da kanku, ku saka NPY_TARGET_VERSION, misali ku ba shi NPY_1_23_API_VERSION, kuma shawarata ku saka shi, domin iyakar da ba ku faɗa ba tana matsawa gaba da sababbin sigogi. Ta biyu, filayen da suka canza wuri yanzu ta ƙofa ake shiga musu. A maimakon ku rubuta descr->elsize kai tsaye, sai ku kira PyDataType_ELSIZE. Lokacin import_array laburaren yana tambayar wane NumPy ya tarar, ya riƙe amsar, daga nan ƙofar ta san inda za ta duba a kowane fasali.

Gyaran kansa layi uku ne. A sama, numpy>=2.0. Kusa da shi Cython daga 3.0, in kuma kuna amfani da pybind11 mai haɗa C++ da Python, daga 2.12. A ƙasa ku bar ƙaramar sigar da kuke goyon baya da gaske. Lambar sama ta fi ta ƙasa girma, kuma haka ya kamata. Kada wani ya zo da niyyar gyara ya daidaita su. Ku rubuta sharhi a gefen layin ku faɗi dalili.

[Allo: shafin gwaji, komai kore]

Ga abin da ya fi ci mini rai. Laburare da yawa da suka fashe a hannun jama'a, shafin gwajinsu kore ne shar. Ku dubi yadda aka tsara wannan: layi na ɗaya ya saka NumPy 1.23, ya gina da --no-build-isolation, wato ba tare da ɗakin wucin gadin nan ba, ya gwada. Layi na biyu ya saka 2.0, ya gina, ya gwada. Kowane layi ya ɗinka rigarsa da awon kansa, dole ta shiga. Wheel ɗin da aka tura PyPI, inda jama'a ke saukowa da laburare, kuwa, shi kaɗai ne ba a taɓa gwadawa a jikin kowa ba.

Tsarin da ya dace: a gina sau ɗaya, cikin keɓaɓɓen ɗakin nan, daidai yadda za a gina na saki. A ajiye wheel ɗin. Sai a buɗe sababbin muhallai a saka shi wannan ɗin dai: ɗaya da mafi ƙanƙantar NumPy da kuka yi alkawari a dependencies, ɗaya da na yau, ɗaya kuma da ginin gwaji na tashar scientific-python-nightly-wheels, wanda ke nuna muku abin da ke tafe tun bai iso ba. Na ukun nan, ku sa shi ya riƙa tashi da kansa duk mako ko babu wanda ya taɓa komai, saboda fayil ɗin gini yana iya lalacewa yana zaune: ku ba ku canza ba, abin da pip ke saukowa da shi ne ya canza.

Ginin kuma ku yi shi da python -m build. In ba a ba shi wani zaɓi ba, yana fara haɗa sdist, wato kunshin asalin rubutun, sannan ya gina wheel daga cikinsa. A nan ake kama fayil ɗin da ke kwamfutarku amma bai shiga kunshi ba. Da meson-python, mahaɗin Meson da pip, wannan yana yawan faruwa, domin abin da ke cikin git kawai yake ɗauka. Hedar da kuka manta ba ku shigar ba, a wajenku komai lafiya, a wajen mai saukewa gini ya tsaya.

Wajen gwajin, ku fita daga babbar foldar aikin tukuna, ku kira pytest --pyargs da sunan laburaren. In kuka tsaya a ciki, Python zai iya ɗaukar rubutun da ke gabansa ya bar wanda aka saka, ku yi ta gwada abin da ba shi za ku tura ba. Kuma a farkon kowane gwaji ku sa a buga sigar NumPy a fili. Layi ɗaya ne, ranar da abu ya fashe za ku gode masa.

[Allo: umarni suna wucewa ɗaya bayan ɗaya]

Saura tarko biyu, a gurguje. Na farko rumbun pip. Duk wheel da pip ya gina daga sdist yana adana shi, kuma ba ya la'akari da wane NumPy aka gina shi. Mutum ya gyara muhallinsa, ya cire laburaren, ya sake sakawa, sai tsohon ginin ya dawo masa daga rumbu, kuskuren na nan yadda yake. Ku ce masa ya yi pip cache remove da sunan laburaren, ko ya ƙara --no-cache-dir.

Na biyu tsohuwar ma'ajiyar gini. Masu aiki a kan laburaren kullum suna amfani da --no-build-isolation, meson-python ma haka yake so in za a saka laburare ta yadda za a riƙa gyara ana gani. A wannan yanayin NumPy ɗin muhallinku shi ne awon, kuma Meson yana riƙe amsoshin da ya samo a karon farko. Kun sauya sigar NumPy? Ku goge ma'ajiyar build ɗungurungum ku fara sabo. In kuna shakkar abin da ya gano, ku buɗe meson-log.txt a cikin meson-logs, ku nemi kalmar numpy. Ga tawa a allo: wannan doguwar hanyar da ta ƙare da include, ita ce inda aka ɗauko hedojin. A NumPy 2 za ku ga _core a cikinta da ɗan layi a gaba, a jerin 1 kuwa core ne kawai babu layin. Wannan ɗan layin ya ishe ku sanin da wanne aka gina.